Gishirin Toka

"Karan gonarmu ne, Sanda, ko na gonar ubanka?"

"Gonar Malam ce, Inna Kadi. Kuma da bakinshi ya ce mini in kun gama girbi in sako shanu. Na zo na tarar da wuri baƙi ƙirin kamar an yi gobara. Shanu toka suke ci?"

"Su ci ƙasa."

Ina zaune a gindin rumbu ina gyaran igiyar guga. Ban ɗaga kai ba. Sanda makiyayi ne, kowace kaka a gonarmu yake sauka, shanunsa su ci kara su bar mana taki. Haka na taso na tarar. Bana Inna ta tattara karan ta cinna masa wuta.

"Rabi kaɗai na ƙona," in ji ta.

"Rabin da ke da ganye. Kin bar mini sanduna, darni zan yi wa shanun? Kuma mi za ki yi da toka buhu-buhu? Sabulu za ki yi wa duk Hawandawaki?"

"Mijina ya fi shanunka."

"Wa ya ce bai fi ba?"

Na san abin da za ta yi da tokar. Duk gidan an sani.

Tun farkon damina ƙafafun Baba suka kumbura. Na kai shi Maraɗi. Likita ya ce tansiyo, hawan jini, ya daɗe yana cin ƙodarsa a ɓoye, yanzu ta gaji. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce ba gishiri, ba magi, ba kanwa. Ni na kawo wa Inna saƙon, tun da ni ne mai lakwal, karatun boko, a gidan, duk da jarrabawar bak ta kayar da ni na dawo gona.

Inna ta kiyaye. Baba kuwa ya daina cin abinci. Ya ɗanɗana miya ya ce lami, ya ture kwano, ya juya wa mutane baya. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi shiru. Sai wata rana ta tuno kakarta. Ta ce a shekarun da gishiri ya yi wuya, da toka suke yin nasu.

Ta fara da tsohon darnin bayan gida. A ƙona karan gero, a zuba tokar a tukunya mai huji a gindi, a shimfiɗa ciyawa a ƙasa, a zuba ruwa. Ya riƙa ɗiga a ƙwarya, ja kamar shayi. Ruwan toka ba baƙon abu ba ne, mata na ɗiga shi a miyar yakuwa ya kashe tsami, ko a wake ya yi saurin nuna. Amma Inna ba ɗigo take sawa ba. Takan ɗora ruwan a wuta har ya ƙone ya bar ɓawo a gindin tukunya, ta kankare, ta niƙa. Yana da ɗanɗanon gishiri, da ɗan ɗaci a ƙarshe.

Ranar farko Baba ya cinye malmalarsa ya nemi ƙari. Inna ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Daga nan kullum ne, a miya, a wake, har a kunu. Da darnin ya ƙare, shi ne ta faɗa wa karan bana, don ta tara na shekara.

"Yusha'u."

Muryar Baba ce, daga gindin dogon yaro inda yake shimfiɗa tabarma. Ba ta fito sosai ba. Su Inna ba su ji ba, suna kan shanu da toka.

Na je. Butarsa na gefe, walaha yake son yi.

"Tada ni."

Na kama hannunsa na ja. Ya taso rabi, ya koma kamar buhun da aka saki.

"Ƙafafun sun ƙi," ya ce. "Ina jin su, amma ba su jin maganata."

Na sake gwadawa. Hannuwansa ma ba su riƙe ni ba. Zufa ta tsattsafo masa a goshi, alhali rana ba ta yi zafi ba tukuna. Na sa yatsu a wuyan hannunsa. Bugu ɗaya. Shiru. Na jira har na ɗauka ban sa yatsun daidai ba. Sannan wani bugun.

"Inna!"

Faɗan ya mutu a nan. Sanda ya leƙo, ya dubi Baba sau ɗaya, ya juya da gudu. Kafin mu sa wa Baba hula ya dawo da amalanke da bijimai biyu. Muka ɗora shi a kan katifa.

Inna ta riƙe ƙarfen amalanken tana bin mu har bakin gari. Sai ta tsaya.

"Ku yi gaba," ta ce. "In ɗora tukunya in biyo ku. Ba ya cin abincin kowa." Ta dube ni ba ta kira sunana ba. Ni ne ɗan farinta, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai, ka riƙe mashi kai."

Hanyar yashi ce. Sanda bai taɓa dukan bijimansa a gabana ba sai ran nan.

A asibitin Hawandawaki, babban garin yankinmu, majo mai kula da wurin ya kama wuyan hannun Baba yana duban agogo. Ya saki, ya sake kamawa. Ya sa abin sauraro a ƙirji.

"Wanga ba nawa ba ne," ya ce. "Tasawa. Yanzu."

Aka tada ambilas. Sanda ya tsaya riƙe da igiyar bijimai, yana haki kamar shi ya ja amalanken.

"Zan gaya wa uwarka inda kuka nufa," ya ce. "Yau kasuwar Tasawa, sai ta shigo motar Rayyanu. Malam, ka dawo mu ƙarasa shari'ar karan nan."

Baba ya motsa leɓe. Ina jin dariya ya so yi.

A cikin mota ban saki hannunsa ba. Bugun kamar mace ɗaya tana daka ta gaji: taɓarya ta sauka, sai a yi ta jiran ta sake. Duk ramin da muka faɗa sai in rasa shi, in yi ta lalube.

"Leɓuna kamar tururuwa na yawo," in ji Baba. Can kuma ya ce, "Kwanan nan fitsarin kaɗan nake yi. Ban gaya wa uwarka ba."

"Don mi?"

"Ta ga ina ci. Ta samu barci."

Gonaki suna wucewa, duk an girbe, kara a tsaye.

Likitar da ta karɓe mu a Tasawa mace ce, gajeriya, da tabarau da takalmin roba. Dakta Zubaida. Hausarta ta Mayahi ce. Ba ta ɓata lokaci da gaisuwa ba. Aka manna wa Baba wayoyi a ƙirji, wata na'ura ta fitar da doguwar takarda. Ta duba, ta ce a ɗebi jini a kai labo, ɗakin gwaji, da gudu. Ba ta jira sakamako ba, ta zuƙi allura ta tura masa a jijiya a hankali, idonta a kan na'urar. Aka rataya sarum, ruwan da ake ƙara wa marar lafiya ta jijiya. Aka sa masa robar fitsari, ledar tana rataye a ƙafar gado, ba komai a ciki.

Baba ya lumshe ido. Ta ja ni bakin taga.

"Kai ɗanshi ne? Ka yi lakwal?"

"Har Tarminal D, ajin ƙarshe na kimiyya."

"To ka san potasiyom."

"K."

"K." Ta nuna mini takardar. Layin yana tafiya, sai ya yi tsini sama kamar kan bukka, ya sauko, ya yi nisa kafin wani. "Wanga tsinin shi ne. Ya yi yawa a jininshi, yana shaƙe zuciya."

Aka kawo sakamako a ƴar takarda. Ta karanta, ta cire tabarau ta goge.

"Tsakanin uku da rabi da biyar ya kamata ya tsaya. Nashi ya wuce bakwai."

"Daga ina?"

"Tsaya. Wanda ke jikin mutum kusan duka a cikin tsoka yake, a rufe, kamar hatsi a rumbu. Kaɗan ne ke yawo a jini, kamar tsabar da aka auno don tuwon yau. Da wannan kaɗan ɗin zuciya ke bugawa. Ya ragu, matsala. Ya ƙaru, matsala. Mai awon kuwa ƙoda ce. Kai in ka zamna ka cinye tiyar dabino ba abin da zai same ka. Ƙodarka za ta tace jini, ta mayar da abin da jiki ke so, a ƙofar ƙarshe ta tura rarar cikin fitsari. Akwai wani ɗan nama a saman ƙoda da ke ba ta oda in ya ji jini ya cika: zubar."

"Aldosteron."

"Ashe ba barci ka yi a aji ba."

Na tuna zanen a allo. Malaminmu Mushe Naziru da allinsa masu launi, wani siririn bututu a nannaɗe kamar hanjin kaza, kibiyoyi suna shiga suna fita. Na zana shi da kyau a lokacin. Bai fito a bak ba.

"Ta babanka ƙofar ta ƙuntace," ta ci gaba. "Ƙwayar tansiyon da yake sha tana kare ƙodar, amma tana rage wa mai ba da odar murya. Za mu dakatar da ita. Duk da haka wagga lamba ba ta ƙoda kaɗai ba ce. Wani abu yana shiga ta baki. Mi yake ci? Dabino?"

"Jefi-jefi."

"Ayaba? Lemu?"

"A garinmu?"

"Jiƙo? Sassaƙe?"

"Ba ya sha."

"Gishirin farmasi, wanda ake saida wa masu tansiyo?"

"A'a. Ba ya cin gishiri ko kaɗan. Inna ce ke yi mashi nata."

"Nata?"

"Da toka."

Biro ɗinta ya tsaya.

"Ruwan toka, ɗigo a miya?"

"A'a. Tana dafa shi ya bushe. Da cokali take sawa."

"Tun yaushe?"

"Tsakiyar damina."

Ta dubi waje. Wata mata tana shanya zane a kan waya.

"Kakata ma tana yi," in ji Dakta a hankali. Sannan ta juyo. "Don mi manomi ke watsa toka a gona?"

Na riga na gani. Buhun takin zamani a zaurenmu, haruffa uku a jikinsa, na ƙarshen K, harafin potasiyom. Gero ya zuƙe shi daga ƙasa ya tara a kara. Wuta ta cinye komai ta bar shi. Inna ta tace, ta dafa, ta kankare, ba ta bar ko ɗigo ya ɓace ba.

"Ka saurare ni," in ji Dakta. "Abin da na yi yanzu ɓoyo ne kawai. Allurar farko garkuwa ce ga zuciya. Sarum ɗin, sukari da insulin, yana kora abin cikin rumbu ya rufe ƙofa. Ba zai daɗe ba zai sake fitowa. Ƙoda kaɗai ke fitar da shi waje. Na ba shi maganin da zai zaburar da ita." Ta nuna ledar da ƙafa. "Wagga za ka riƙa kallo. In ta fara cika, da sauƙi. In ta ƙi, Maraɗi, injin wanke jini, in zuciyar ta yarda ta kai mu. Kuma kada wani abu na gida ya shiga bakinshi. Ko loma."

Ta rubuta ardanas, takardar sayen magani. Wani garin magani ne da ke kama potasiyom a hanji, ta ce in nema a farmasin cikin gari. Aka kira ta ɗakin haihuwa, ta tafi da sauri.

Na tsaya da takardar a hannu. Baba yana barci, bai ji ko kalma ba. Na yi lissafin motar Rayyanu. Ba ta taɓa isowa kafin la'asar ba, kullum sai ta kafe a yashi an sauka an tura. A gadon kusa wani tsoho yana yi wa ɗansa fifita.

Na sunkuya kusa da tsohon. "Baba, in wata mata ta zo da kwano, ka ce ta jira ni. Kada ta ba mahaifina."

"Eye?"

"Ta jira ni!"

Ya gyaɗa kai. Na fita.

Farmasin farko babu. Na biyu a rufe, mai shi ya tafi salla. Aka ce in gwada ta bakin kasuwa. Na ratsa tsakanin amalanke da buhunan wake da tumaki, rana a tsakiyar kai. A can na samu. Mai farmasin ya daɗe yana neman gwangwanin a bayan kwalaye, yana ba ni labarin tsadar isansi, man mota.

Da na fito na bi ta tasha don ya fi kusa. Nan na gan ta. Tsohuwar Toyotar Rayyanu, fara mai koren ƙofa, ba kowa a ciki, an sauke kaya tas. Rayyanu yana zaune a kan taya yana cin rogo.

"Yaushe kuka iso?"

"Tuni. Yau ko sau ɗaya ba mu kafe ba, uwarka ta zo mana da sa'a. Ita ta fara sauka, kwano a ka, ko sallama ba ta tsaya yi ba. Yaya jikin Malam?"

Ban san lokacin da na haye bayan kabu-kabu ba. Na ce asibiti. Mai babur ɗin ya ce kasuwa ta cika sai an zagaya. Wata babbar mota ta tokare hanya ana sauke mata albasa, na diro na bar shi yana kira, na sa gudu. Takalmina ɗaya ya tsinke a bakin ƙofar asibitin. Na bar shi nan.

Tun daga baranda na ji ƙamshin. Miyar kuka da daddawa. A duk duniya ba zan kasa gane ta ba.

Inna tana zaune a bakin gado, kwano a cinya. Ta tada Baba ta jingina shi da bango. Idonsa a buɗe, har da ɗan haske a ciki. Ta gutsuro tuwo, ta dangwala a miya, ta kai bakinsa.

Hannuna ne ya riga ni. Kwanon ya tashi ya bugi ƙafar gado, murfin ya yi ta juyi a siminti yana ƙara. Miya ta fantsama har zanenta.

Inna ta zauna da hannu a sama, lomar ta faɗi, yatsun a jiƙe. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba.

"Kai!" in ji Baba. "Uwarka ce fa."

"Loma nawa ya ci?"

"Mi ya same ka?" Muryarta ƙasa-ƙasa. "Aljanu ne?"

"Inna, loma nawa?"

"Biyu," in ji Baba. "Ta ukun ce ka zubar. Allah ya shirye ka."

Tsohon da ke gadon kusa ya ce, "Ni dai na faɗa mata ta jira. Ta ce tuwo ba ya jira."

Wani ya riga ya kira Dakta. Ta shigo da safar hannu ba ta cire ba, ta dubi ƙasa, ta dube ni. Na ɗaga yatsu biyu. Ta cire safar ta kama wuyan hannun Baba, ta sa aka sake manna wayoyin. Muka tsaya takardar tana fitowa. Tsinin yana nan, amma ya ɗan rusuna.

"Biyu ba za su kashe shi ba," ta ce. "Amma kwanon duka da ya iya."

Inna ta miƙe. Ta gyara mayafi, ta rusuna kamar a gaban mai gari.

"Likita, ba gishiri a ciki. Ba kanwa, ba magi. Wallahi tun ran da aka hana ban sa ba. Ga shi nan, ku tambaye shi, shi ya kawo mini maganar." Ta kwance ƙullin bakin mayafinta ta fito da ƙaramin gwangwanin tumatir, an rufe bakinsa da leda. "Wanga nake sa mashi. Da hannuna nake yi, ba na kasuwa ba ne. Na ƙona karan shekara guda don kada ya yanke mashi."

Ta miƙa da hannu biyu.

Dakta ta karɓa. Ta buɗe, ta dangwala da yatsa ta taɓa a harshe. Ta dube ni. Na dubi miyar da ke ƙasa.

"Inna, zamna," ta ce.

"Ina jin ki a tsaye."

"Akwai wani abu a cikin toka. Ke kina ci, yaranki suna ci, ba ya yi muku komai, don ƙodarku tana zubar da shi a fitsari. Ta Malam ba ta iya zubarwa. Sai ya yi ta taruwa a jini. Shi ya kashe mashi ƙafafu da safe. Shi ke danne zuciyar."

Inna ta dubi gwangwanin a hannun Dakta.

"Gishiri aka ce."

"Haka ne."

"Aka ce kanwa. Aka ce magi." Ta juyo gare ni. "Kai, an ce toka?"

"Ba a ce ba."

"Ba a ce ba," in ji Dakta. "Ba kowa zai yi tunaninta ba."

"Kullum," in ji Inna. Ba da kowa take ba. "Har a kunu."

Baba ya yi gyaran murya.

"Ni na ci. Ba wanda ya ɗura mini. Kuma da daɗi." Ya dubi Dakta. "Ɗiyata, a bar ni in lashe ko murfin."

Ba wanda ya yi dariya. Ya mayar da kai jikin bango.

Inna ta miƙa hannu, Dakta ta mayar mata da gwangwanin. Ta fita. Ta taga na gan ta a gindin bishiya, ta tona yashi da ƙafa, ta juye, ta rufe, ta tattake. Ta tsaya a kan wurin. Sannan ta dawo da tsumma da bokitin da ta aro, ta durƙusa ta kwashe tuwon, ta goge miyar. Na sunkuya in taya ta, ta janye bokitin. Ta goge har ƙarƙashin gado, har inda miyar ba ta kai ba.

Aka dama garin da na sayo aka ba Baba. Ya yamutsa fuska ya shanye. Dakta ta ce direban ambilas ya zauna kusa, kada ya je ko'ina.

Daga nan sai kallon leda.

Na zauna a ƙasa a ƙafar gado, ƙafata ɗaya ba takalmi. Inna a ɗaya gefen, ta naɗe hannu a cinya. Ban gaya mata abin da ake jira ba, amma ta bi idona ta gane. Robar ta fito daga ƙarƙashin zanen gado ta lanƙwaso ta shiga ledar, a bushe. Ƙuda ya sauka a kanta, Inna ta kore shi. Lokaci-lokaci nakan miƙa hannu in taɓa wuyan hannun Baba. Taɓaryar tana sauka. Ina ƙirga shirun da ke tsakani ba da niyya ba.

Na yi tunanin sarum ɗin da ke raguwa. Rumbun da aka tura abin a ciki, da ƙofarsa da za ta buɗe. Na yi tunanin hanyar Maraɗi, da ramukanta.

Aka kira la'asar. Ban tashi ba. Ana cikin salla a masallacin asibitin Inna ta taɓa gwiwata da ɗan yatsa.

Ɗigo ɗaya ne, rawaya, ya tsaya a lanƙwasar robar kamar yana shawara. Ya gangara. Can wani ya biyo shi. Ban taɓa zaton zan kalli fitsari kamar yadda ake kallon hadarin farko ba.

Da Dakta ta dawo ya rufe gindin ledar. Ta ɗaga ta duba a haske.

"Bai isa ba. Amma ƙofar ba ta rufe duka ba." Ta kama hannun Baba. "Zuciyar ma ta ɗan saki. Za mu sake ɗibar jini. Ambilas ta ci gaba da jira."

Ta ce a ba shi wani abu ya sa a ciki saboda insulin. Farar shinkafa, an dafa an tsiyaye ruwan, ba komai a kai. Wata ma'aikaciya ta kawo a faranti. Inna ta wanke hannu ta karɓa. Ta tada Baba, ta ɗebo, ta kai bakinsa.

Ya tauna. Ya daɗe yana taunawa. Ya haɗiye da ƙyar kamar magani. Ta ɗebo ta biyu, ya sa bayan hannu ya ture farantin, a hankali, ya juya fuska ga bango. Wuyan rigarsa ya zame, ƙashin kafaɗa ya fito. Daidai yadda yake yi a farkon damina.

"Malam."

"Na ƙoshi."

"Ko ɗaya."

"Kadi, na ƙoshi."

Ta zauna da farantin a cinya. Shinkafar tana hucewa. Dakta tana tsaye tana rubutu a takardar da ke rataye a gado.

"Likita," in ji Inna. "Kafin tokar, haka yake. Ba ya ci. Ina kallo yana ƙarewa."

Dakta ta daina rubutu. Ta gyara robar sarum ɗin da ba ta buƙatar gyara. Tsohon da ke gadon kusa ya ci gaba da fifitarsa. Baba bai juyo ba, amma na san idonsa biyu.

Ɗigo ya sauka a leda.

Inna ta ajiye farantin a ƙasa. Ta juyo gare ni gaba ɗaya.

"Yusha'u."

Sai da na waiga in ga ko wani ne ya kira.

"Kai ka yi karatun," ta ce. "Da na bar shi da yunwar, da ya fi?"